Hanyar da Ta Ɓace wa Makaho

Ni dai ban taɓa iya zama wuri guda ba. Mutanen garinmu sukan ce da Allah ya bar mani ƙafafuna, da tuni an daina jin labarina. Shan inna ya kama ni tun ina goye, ya bar mani ƙafafu kamar karan dawa, amma ya manta da bakina. Karatu kuwa, na shiga ajin yaƙi da jahilci, malamin ya yi haƙuri da ni rani guda, sa'annan ya ja ni gefe ya ce in nemi sana'a tun da sauran lokaci. Sai na koyi ɗinkin guga da tsohon tif na mota.

Garinmu yana tsakanin Sabon Birni da Isa. Abokin sana'ata maƙwabcina ne, katanga guda ta raba mu, makaho ne tun ƙyanda ta ci masa idanu shina yaro. Shi tufkar igiya yake yi, ta kaba da ta rama. Rumfarmu guda a kasuwa: wanda ya sayi guga wurina sai ya juya ya sayi igiya wurinsa. Ni in ce masa Makaho, shi ya ce mani Gurgu, kuma in wani ya kira ɗayanmu haka a gaban ɗayan, ranar sai an raba faɗa.

Abin da yake taƙama da shi a duniya guda ne: bai taɓa riƙe ɗan jagora ba. Daga ƙofar gidansa har rumfa, shi da sandarsa. In wani ya kama masa hannu don tausayi, sai ya tsaya cik ya ce, "Kai ka ɓace ne? Faɗa mani inda za ka, in kai ka."

Shekarar da anka yi fari, gero ya tsiro ya kai kamu guda ya ƙone. Ruwa ya yi ta gudu ƙasa cikin rijiyoyi, kowa na ƙara wa igiyarsa tsawo. Mu biyu kaɗai fari ya ƙara wa ciniki a garin ga, kuma wallahi da kunya muke karɓar ɗan abin da anka miƙo.

Amma garin ya yi shiru, wani irin shiru da ni ban lura da shi ba sai da shi ya faɗa. Maƙerin kan kwana ya tafi cin rani. Gidan da mata ke daka tun safe, babu abin dakawa. Garken shanun da ke bayan masallaci an kora shi kudu, har warin ya bi su.

"Gurgu," ya ce mani wata rana, "da kunnena da hancina duk an sallame su aiki. Ƙasa kaɗai ta rage mani."

Da ƙasar yake nufin abubuwan da ƙafarsa da sandarsa sunka sani. Kwatar da ke fitowa daga gidan marina. Saiwar tsamiya da ta gitta hanya kamar gwiwar tsoho. Dakalin mahauci. Ɗan kwarin da ruwan damina ya haƙa tun zamanin da ake ruwa. Tudun toka a bakin kasuwa. In ya taka wannan ya san saura wancan.

To, abin da ya sa labarin ya zama labari, duk abubuwan ga maƙiyana ne. Kafin farin, hukuma ta raba wa guragu keken da ake tuƙawa da hannu, nawa ya zo mani kamar an ba ni jirgi. Amma yashi ya kama ƙafar keke, kwata ta riƙe ta, saiwar tsamiyar nan kuwa ta taɓa kifar da ni cikin kwarin, gugunana sunka rufe mani kai. Makaho ne ya zo ya tarar da ni, ya taɓa ni da sanda ya ce, "Yau kuma an ƙara mani alama a hanya."

Ana nan sai anka ce umarni ya zo daga sama, a gyara garuruwa yadda naƙasassu za su iya kai kansu kasuwa da asibiti da wurin rabon hatsi. Leburori kuma da hatsi za a biya su, don haka kowa ya yi murna. Ƙaramar hukuma ta turo wani ma'aikacin tsara gari, dogo, mai sanyin magana, muna ce masa Injiniya. Anka kira taro a zauren hakimi. Sarkin Guragu ya ɗauke ni don in yi magana a madadinsa, shi bakinsa nauyi gare shi. Sarkin Makafi ya zo da mutanensa. Abokina bai zo ba, ya ce igiya ba ta tufka kanta.

Injiniya ya shimfiɗa wata babbar takarda a kan tabarma, taswirar garin. Kowa ya sunkuya shina kallo. Ni ma na sunkuya ina kaɗa kai kamar na gane, alhali layin da na ɗauka hanyar kasuwa ce ashe inda anka naɗe takardar ne. Sarkin Makafi da ya ji kowa ya sunkuya, shi ma ya sunkuya don ladabi.

Injiniya ya ce za a faɗaɗa hanya daga unguwarmu zuwa kasuwa har tasha, a zuba burji, a daddale. Ya tambaya ko akwai mai magana.

Ai kuwa na buɗe baki. "Ranka shi daɗe, a cire saiwar nan, a cike kwarin, a rufe kwata, a ture dakali. A yi muna ita sumul kamar tafin hannu."

Injiniya ya juya ga Sarkin Makafi. "Baba, ku fa? Haka ya yi maku?"

Hakimi na zaune, an riga an ce abin alheri ne, baƙo kuma ya yi tafiya don mu. Wa zai ce a'a? Sarkin Makafi ya ce, "Madalla. Allah shi saka." Mutanensa sunka amsa da amin. Ina jin su kansu sun ɗauka hanya mai santsi ta fi, tun da babu abin tuntuɓe.

Katafila ta zo da rurinta, yara da manya munka fita kallo. Kafin kasuwa ta zagayo, hanya ta miƙe ja wur, faɗinta ya isa raƙuma su jeru. Ranar da anka gama na hau keke na sake shi tun daga ƙofar gida har tasha, na dawo, na sake komawa. Babu abin da za ni yi a tasha. Iska kawai nake sha, ina gaida mutanen da ban taɓa gaidawa ba.

Washegari na riga abokina zuwa rumfa, na baza guguna ina jiran shi in yi masa tsiya. Hantsi ya yi bai zo ba. Masu neman igiya sunka zo sunka tafi. Rana ta take, na kasa zama, na hau keke na koma gida, matarsa ta ce ai tun safe ya fita. Na zagaya masallaci, na leƙa marina, na koma kasuwa, na sake dawowa.

Sai wajen azahar na hango su. Wata tsohuwa mai itace ce a gaba, tana riƙe da bakin sandarsa, shi kuma shina biye da ita da damin igiya a kai. A busasshiyar fadama ta tsince shi, can bayan gari, zaune a rana. Ya fito ya nemi kwata babu, ya nemi saiwa babu, ya yi ta tafiya a kan ƙasa iri guda har ya zarce kasuwa ta gefe bai sani ba.

Mutane na tsaye a ƙofofin gidajensu suna kallo. Wani ya ce, "Allah sarki." Na ga kafaɗar abokina ta motsa kamar an zuba masa garwashi.

Daga ranar bai sake fita ba, sai masallacin ƙofar gida. Na leƙa ta kan katanga na ce, "Makaho, riƙe bayan kekena mana, ni in tuƙa, kai ka tura. Kowa ya ci riba."

"In bi gurgu? Ashe lalacewar tawa ta kai nan."

"To, ba ni igiyar in sayar maka."

"Mai sayen igiya sai ya faɗa mani zurfin rijiyatai da bakinai. Kai mi ka sani? Kai da ka ce a yi ta kamar tafin hannu. Tafin hannun ma ai da zane a cikinai, wawa."

A lokacin, duk ranar kasuwa babbar mota na tsayawa a tasha tana kwasar mutane zuwa kudu. Makafi da yawa sun bi ta, bara ta kai su. Wata safiya matarsa ta shigo gidana tana share ido da gefen zane, ta ce ya sa ta wanke masa riguna, ya kuma tambayi inda tsohon akushi yake.

Na ja jiki na shiga har ɗakinsa. "Bara za ka? Kai? Mai sana'a a hannu?"

"Za ni inda ba wanda ya san na taɓa tafiya ni kaɗai," ya ce. "A can in anka ja ni, makaho anka ja. Nan kuwa ni anka ja."

Na ja jiki na koma gidana.

Daga nan ban sake samun sukuni ba. Dabarar da ta fara zo mani, na saci igiyarsa ta hannun matarsa, na sa anka kafa turaka a gefen hanya, munka ɗaura ta tun daga unguwa har kasuwa, makaho ya riƙe ya bi. Na manta shekarar da muke ciki. Kafin la'asar awaki sun cinye rabi, jakuna sun taya su, sauran kuma wani bawan Allah ya ga rijiyarsa ta fi hanya buƙata. Abokina da ya ji, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, sa'annan ya ce in biya shi igiyarsa.

Sai na koma kan Injiniya. Shina can wajen tasha suna gina kwalbati. Na bi shi da safe, na bi shi da rana, in ya shiga shan inuwa ya tarar da ni a ciki. Da na gaya masa abin da ya faru, ya cire hula ya sosa kai.

"Amma na tambaya, Malam. Kana wurin."

"Ka tambaya, ranka shi daɗe. Takarda ka nuna muna, mu duka munka sunkuya."

"To, ban iya mai da saiwa. In na haƙa kwarin kuma, kai ne za ka fara zuwa da kuka."

Gaskiya ya faɗa. Ni ma ban so a taɓa mani hanyata. Ina son abokina ya zauna, ina kuma son iskar nan da nake sha.

Injiniya ne ya ce akwai ragowar duwatsun kwalbati, a jera su a gefe guda na hanyar, sanda ta riƙa bi. Wannan karon bai kawo takarda ba. Ya tara mu a kan hanyar kanta, Sarkin Makafi da mutanensa da sandunansu, mu da kekunanmu. Nan rigima ta tashi. An jera duwatsu, makafi sunka ce madalla na gaske. Mu guragu munka ce ta ina za mu shiga gidajenmu da lunguna, an yi muna shinge? Ni da kaina na gwada tsallakawa, ƙafar kekena ta lanƙwashe. Anka bar giɓi a bakin kowane lungu, makafi sunka ce in dutse ya ƙare su kuma sun koma fadama.

"Ku da kuna zaune ana tura ku, mi ne naku na gaggawa?" in ji Sarkin Makafi.

"Wa ke tura mu? Ka gani?" in ji Sarkin Guragu, wanda ranar bakinsa ya buɗe.

"Da ina gani ai da ban tsaya magana da kai ba."

Injiniya ya zauna a kan dutse ya dafe kai, leburori na ta dariya. A ƙarshe anka tsaya a kan tsingaro: a binne fasassun tukwane a kowane giɓi daidai da ƙasa, keke ya wuce ba tangarɗa, sanda kuma in ta taɓa ta ji ƙara. Har sunka mutu, sarakunan biyu kowa na cewa dabararsa ce. Tsingaro kuwa ba a rasa ba. Mata sunka yi ta fitowa da tulunan da sunka fashe a turmutsitsin rijiya.

Duk abin ga abokina na jin labari ta kan katanga, don ni nake kai masa ko bai tambaya ba. Na roƙe shi ya fito ya gwada ko sau guda. Ya ce, "Duwatsun gurgu? Ƙasar da na sani an kwashe ta. Ban koyon wata da furfura."

Ranar kasuwa da safe ina ɗaure guguna a bayan keke, sai na ji sallama. Shi ne, da ƙunshinsa a kafaɗa, sanye da wankakkiyar riga. Bai ko zauna ba ya ce:

"Gurgu, kai ni tasha."

Tun muna yara bai taɓa roƙona in kai shi ko ina ba. Na ce, "Kekena ya yi faci."

"Na ji ka kana buga mai iska yanzu."

"To, ban zuwa. Mai zuwa bara a garin da bai sani ba, ai ya kamata shi iya gano tashar garinsu. Ga hanya nan, dutse na hannunka na dama."

"Haka ka ce?"

"Haka na ce."

Ya juya ya fita. Matarsa na tsaye a zaure ta harare ni kamar ta cinye ni. Na ba shi ɗan rata, na bi shi a baya a hankali. In ya ɓace a gaban mutane karo na biyu, na san ko gawarsa ba za ta yarda ta dawo garin ga ba.

Ya tsaya a bakin hanya ya yi ta lalube da sanda a iska. Can ta bugi dutse, ƙwas. Ya tsaya. Ya matsa gaba, ƙwas. Ya fara tafiya kamar mai taka ƙaya. Da ya zo giɓin farko sandar ta faɗa wofi, na ga wuyansa ya sandare. Ya ja ta a ƙasa, tsingaro ya yi ƙara, ya bi ƙarar har dutse ya dawo. A lungu na gaba bai ko tsaya ba.

Bai juyo ba ya ce, "In za ka bi mutum a ɓoye, sa wa sarƙarka mai."

"Kasuwa za ni. Hanyar ubanka ce?"

Hanyar tasha ta gefen kasuwa take bi. Muna isa wurin, wani Bafulatani da ya daɗe shina zarya a rumfarmu ya hango shi, ya taho da guntuwar igiya a hannu shina cewa rijiyarsu ta sake gudu. Abokina ya ce, "Ban aiki, tafiya za ni," ya wuce. Amma na ga hannunsa ya kai ga igiyar ya murza ta kafin ya sake.

Ya isa tasha shi kaɗai. Mota na tsaye tana ruri, ɗan kamasho na kiran masu zuwa kudu, mutane na hawa da tabarmi da ƙullin kaya. Ya tsaya daf da ita. Ni kuma na tsaya bayansa na rasa inda za ni sa hannuwana.

"Wa ya jera duwatsun ga?" ya ce.

"Hukuma."

"Da ganin aikin, kai ka tsaya a kai. A kwanar masallaci tsingaro iri guda da na lungun marina, ta yaya mutum zai san ya zo masallaci? A bakin kasuwa kuma babu komai, sai da na ji muryar Bafulatanin can. In ba ranar kasuwa ba fa? A sake tsintar mutum a fadama?"

"To, ka faɗa wa Injiniya mana. Ga shi can wurin kwalbati."

"Baba, za ka ko ba za ka ba?" in ji ɗan kamasho.

"Kai, yi mani shiru, ana maganar aikin hukuma."

Ya sa anka kira Injiniya, ya tsare shi da faɗa, shina zana masa a ƙasa da bakin sanda: nan a sa dogon dutse, nan a ninka tsingaro, nan a kafa turke. Injiniya ya tsuguna shina bin zanen, shina musu a inda bai yarda ba. Suna cikin haka mota ta tashi, ta bar mu cikin ƙura. Abokina ya karkata kai ya saurare ta har ƙararta ta ɓace.

"Ka sa na rasa mota," ya ce.

"Akwai ta kasuwa mai zuwa."

"Ita za ni bi. In ga an gyara kwanar masallacin tukuna."

Ya juya, ya nemo dutse da sanda, yanzu a hannun hagu, ya nufi kasuwa. Na bi shi da sarƙata mai kuka. Bafulatanin na nan tsugune a rumfa. Abokina ya sauke ƙunshinsa, ya zaro akushin ya miƙo mani ya ce in samo masa ruwan jiƙa rama, kuma kada in tsaya surutu a hanya.